Aikin da ke cin mai shi: rayuwar mai gudu da ƙwallo a NFL

Duk mai zaman fada a Maradi ya taɓa ganin irin bidiyon nan a wayar wani: ƙato da hular kwano ya rungume ƙwallo mai siffar ƙwai a ƙirji, ya ratsa mutum uku, ya tunkuɗe na huɗu da hannu ɗaya, ya ci gaba da gudu. Daƙiƙa goma sha biyar, sai a wuce na gaba. Bidiyon ba ya nuna sauran ɗauka ashirin da mutumin ya yi a ranar, waɗanda kowace ta ƙare a yadi uku ko huɗu, shi a ƙasa, ƙarti uku a kansa. A ƙwallon Amurka ba matsayin da ke shan duka irin na mai gudu da ƙwallo, kuma dokokin kuɗin NFL, wato babbar gasar wannan wasa, an tsara su ta yadda shekarun da ya fi ƙarfi su ne shekarun da ya fi araha.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da zai ishe shi. Filin yadi 100 ne tsakanin layukan ci biyu, yadi ɗaya kuma santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Kowane ɓangare mutum 11. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ko kwatabak, wato jagoran masu kai hari, ya jefa ta gaba wani ya cafe, ko ya damƙa wa mai gudu ya kutsa da ita. Wanda ya kai ta bayan layin ƙarshe ya ci maki 6. Mai gudun da ke samun yadi 4 zuwa 4.5 a kowace ɗauka yana daidai da sauran jama'a. Wanda ya haura 5 a kaka guda ya yi abin a yaba.

Aikin yana farawa tun kafin ƙwallo ta taɓa hannunsa. Yakan tsaya wajen yadi 7 a bayan ƙartin layin gaba su biyar, ko kuma gefen kwatabak a wajen yadi 5. Wurin karɓa, gwiwar hannun da ke kusa da kwatabak tana sama, wannan hannun a gicciye bisa ƙirji, ɗayan a ƙasa daidai cibiya, an buɗe aljihu ke nan. Kwatabak ne zai sa ƙwallon a ciki. Mai gudu ba ya kallonta, ba ya miƙa hannu ya tarye ta. Idonsa yana kan ƙofar da zai bi. Yaron da ya sunkuya ya dubi ƙwallo ya rasa rabin daƙiƙa, ƙofar kuwa ba ta kai daƙiƙa ɗaya a buɗe.

Ƙofofin suna da sunaye. Tsakanin na tsakiya da na kusa da shi ƙofar A ce, ta gaba B, ta bayan mutumin gefe C, dama da hagu. Tsarin gudu kuma iri biyu ne manya. A na farko an riga an zaɓi ƙofa tun kafin a fara: ɗaya daga cikin ƙartin zai bar wurinsa ya zagayo ya share hanya, mai gudu ya manne wa ƙugunsa ya bi. A na biyu, wanda ake kira tsarin shiyya, duka biyar ɗin suna takawa gefe guda tare, mai gudu ya nufi kafaɗar waje ta mutumin ƙarshe, kafin taku na uku ko na huɗu ya yanke shawara: ya zarce waje, ya kutsa nan take, ko ya karyo baya ta inda masu tsaro suka wuce da gudunsu. Sau ɗaya ake dasa ƙafa a juya. Wanda ya juya sau biyu ya ba masu tsaro lokacin da suke nema.

Nan ne gwanayen jami'a da yawa ke lalacewa. A jami'a saurayi mai sauri in ya ga ƙofa ta toshe sai ya kewaya ta waje ya tsere wa kowa. A NFL mutumin da ke jiransa a bayan layi yana da kilo 105 zuwa 110, gudunsu kuma kusan ɗaya. Kewayawar da ta saba kawo yadi 30 sai ta kawo asarar yadi 3. Kuskure na biyu gaggawa ce: ya isa ƙofa kafin masu buɗe ta su buɗe, ya yi karo da bayan nasa mutanen. Masu horarwa suna son wanda zai tafi a hankali har ya ga haske, sannan ya fashe da gudu. Wannan ba a auna shi da agogo, shi ya sa ake yawan yin kuskure wurin zaɓe.

Riƙon ƙwallo ma ilimi ne. Yatsu su rufe tsinin gaba, cikin ƙwallon ya kwanta a kan hannu, tsinin baya ya shige tsakanin damtse da haƙarƙari, wuyan hannu ya fi gwiwar hannu tsawo, a matse ta a ƙirji. Ana riƙe ta a hannun da ke nesa da masu tsaro, in an shiga cunkoso a ɗora hannu na biyu. Masu tsaro an koya musu naushin ƙwallo kai tsaye, to duk wanda gwiwar hannunsa ta rabu da jikinsa yayin da yake neman ƙarin yadi ɗaya, sai ya ji hannu wayam. Tiki Barber na New York Giants ya yi shekaru ƙwallo na suɓuce masa, har koci Tom Coughlin ya zo a 2004 ya tilasta masa ɗaga ta sama a ƙirji. Matsalar ta kusa ɓacewa, kuma shekarunsa uku na ƙarshe su ne mafi kyawu a rayuwar wasansa. Ba kowa ke samun wannan haƙurin ba. Yaron da aka ɗauko a zagaye na shida na zaɓen sababbin ƴan wasa, suɓucewa biyu cikin wata ɗaya ta isa ta mai da shi benci.

Sai aikin da ba ya shiga bidiyon waya ko kaɗan, alhali shi ke yanke wa sabon shiga hukunci: tsaron kwatabak. In za a yi jifa kuma masu tsaro suka turo mutum na shida, mai gudu ne zai tare shi. Dole ya san wanda ƙartin biyar suka ɗauka da wanda aka bar masa, ya duba daga ciki zuwa waje, domin na ciki ya fi kusa da kwatabak. Ya tako gaba ya tarye shi kusa da layi, ƙugu a ƙasa, hannu a ƙirjin mutumin. In ya tsaya jira a inda yake, za a tura shi ne har kan wanda yake karewa. Dak Prescott na Dallas Cowboys ya sa hannu a 2024 kan dalar Amurka miliyan 60 a shekara. Babu kocin da zai bar irin wannan dukiya a hannun yaron da bai iya ƙirga masu zuwa ba, ko da kuwa yana gudu kamar iska. Wanda ya ƙara da iya cafe jifa shi ne ke daɗewa a fili. Christian McCaffrey a 2019 ya yi yadi 1,387 a gudu da 1,005 a cafiya, mutum na uku ke nan a tarihi da ya haɗa dubu da dubu, bayan Roger Craig a 1985 da Marshall Faulk a 1999.

Mai son ganin waɗannan abubuwa da idonsa, kakar tana farawa a Satumba ta kai farkon Janairu, kowace ƙungiya wasa 17. Wasannin farko na ranar Lahadi galibi suna tashi ƙarfe 6 na yamma agogon Nijar, wato dab da magariba, daga Nuwamba kuma ƙarfe 7. A daina bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci, a dubi ƙafafun mai gudu da inda yake tsayawa in ba a ba shi ba.

Yanzu batun tafiyar rayuwar. Dukan yana farawa tun a lise. Derrick Henry ya bar makarantarsa ta garin Yulee a jihar Florida da yadi 12,124, ba a taɓa yin haka ba kafin shi. A jami'ar Alabama, a 2015 kaɗai, ya ɗauki ƙwallo sau 395. Duk wannan kafin ya karɓi albashin farko. Dokar NFL ta ce sai mutum ya cika shekara uku da barin lise kafin ya shiga zaɓen sababbin ƴan wasa. Maurice Clarett ya kai ƙara kan dokar, ya yi nasara a kotun farko a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Ga kwatabak shekara ukun nan makaranta ce, yana ƙara wayo. Ga mai gudu, wanda sau da yawa jikinsa ya riga ya nuna tun yana ɗan shekara 19, shekaru ne na sayar da gwiwa kyauta. Marcus Lattimore na jami'ar South Carolina kowa ya ɗauka zai shiga zagayen farko. Gwiwa ɗaya ta tafi a 2011, ɗayar a 2012, San Francisco 49ers suka ɗauke shi a zagaye na huɗu a 2013, bai buga ko wasa ɗaya ba ya aje. Shi ya sa da McCaffrey da Leonard Fournette suka ƙi buga wasan rufe kakar jami'o'insu a ƙarshen 2016, masu zagi suka zaga, amma lissafinsu daidai ne. Sai a 2021 aka halatta wa ƴan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansu.

A ƙarshen Fabrairu ake tara waɗanda aka gayyata a birnin Indianapolis don gwaji. Gudun yadi 40, wato mita 36 da rabi, shi jama'a ke kallo: daƙiƙa 4.4 zuwa 4.5 ya yi kyau, wanda ya wuce 4.6 sai an fara tambaya, Chris Johnson kuwa ya yi 4.24 a 2008. Akwai ɗaga ƙarfe mai kilo 102 a ƙirga sau nawa, da tsalle sama, da tsalle gaba, da gudun kewaya alamomi. Amma ɗakin da ya fi yanke hukunci ba a nuna shi a talabijin: ɗakin likitoci, inda ƙungiyoyi 32 ke murɗa gwiwar yaro su ɗauki hoton cikinta. Jay Ajayi, haifaffen Landan ga iyaye ƴan Najeriya, ya faɗo har zagaye na biyar a 2015 saboda abin da likitoci suka gani a gwiwarsa. Ya yi yadi 1,272 a 2016, ya ci Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, da Philadelphia Eagles a Fabrairun 2018, jijiyar gwiwa ta tsinke a Oktoban wannan shekara, bayan 2019 ba a sake ganinsa a fili ba. Shekara biyar, har da kofi. Wannan ma a cikin masu sa'a yake.

Zaɓen ana yin shi a Afrilu, zagaye bakwai, mutum 250 da ƴan kai. Da can mai gudu shi ne ango, ana ɗaukarsa na ɗaya ko na biyu ba a ko tunani. Amma a 2013, 2014, 2022 da 2024 an gama zagayen farko ba a kira sunan mai gudu ko ɗaya ba. Dalilin, a ganina, Denver Broncos ce ta fara tona shi. Ƙarƙashin koci Mike Shanahan da mai horar da layin gaba Alex Gibbs, da tsarin shiyyar nan, Terrell Davis wanda aka ɗauko a zagaye na shida ya yi yadi 2,008 a 1998. Da ya ji rauni a 1999 sai Olandis Gary ya haura dubu. A 2000 Mike Anderson ya haura dubu. Bayansu Clinton Portis, sai Reuben Droughns, sai Tatum Bell. Mutum shida, tsari ɗaya. Masu riƙe da asusun ƙungiyoyi suka karanta darasin: yawancin yadin na ƙartin gaba ne da na tsari. Arian Foster, wanda ba a ma zaɓe shi ba, ya fi kowa gudu a 2010. Isiah Pacheco na zagaye na bakwai shi ya ja gudun Kansas City Chiefs har suka ci kofi a kakarsa ta farko. Ga kuma dokokin wasan da suka yi ta sauƙaƙa jifa, har ya zamana jifa ɗaya yakan kawo abin da ɗauka ɗaya da rabi ba ta kawowa.

Sai agogon kwantiragi, wanda shi ne tarkon gaske. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƴan wasa, sabon shiga ba ya ciniki: lambar da aka ɗauke shi ita ke yanke albashinsa, na shekara huɗu, kuma ba a taɓa kwantiragin sai ya gama kaka uku. Ɗan zagayen farko ƙungiya na da ikon ƙara masa shekara ta biyar. Bayan nan akwai hatimin riƙo: ƙungiya ta hana mutum ɗaya fita kasuwa na shekara guda, ta biya shi kuɗin da aka lissafa daga manyan albashi biyar na matsayinsa, in ta so ta maimaita a shekara mai zuwa da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. A haɗa: huɗu da ɗaya da biyu, bakwai. Yaron da ya shigo da shekara 22 ana iya riƙe shi har ya kai 29 bai taɓa jin abin da kasuwa za ta taya shi ba. Kwatabak a shekara 29 yanzu ya fara nuna. Mai gudu a 29 ana neman magajinsa.

Lambobin hatimin su kaɗai sun isa shaida. A 2017 na mai gudu dala miliyan 12.1 ne, lokacin da iyakar albashin kowace ƙungiya take miliyan 167. A 2023 iyakar ta kai miliyan 224.8, hatimin mai gudu kuwa ya sauko zuwa miliyan 10.1, na kwatabak yana miliyan 32.4. A wannan shekarar aka buga wa Saquon Barkley da Josh Jacobs da Tony Pollard hatimin, alhali Jacobs shi ya fi kowa gudu a kakar da ta gabata.

Wanda ya nemi ƙwatar kansa ma bai ji da daɗi ba. Le'Veon Bell ya ƙi hatimin Pittsburgh Steelers na biyu, na miliyan 14.5, ya zauna gida duk kakar 2018. New York Jets suka ba shi miliyan 52.5 na shekara huɗu a 2019, suka sallame shi a Oktoban 2020. Abin lura a nan, lambar da jaridu ke bugawa ba ita ce kuɗin ba. A NFL abin da aka lamunce a rubuce shi kaɗai ne tabbas, sauran in an sallami mutum ya bi iska. Todd Gurley ya sa hannu da Los Angeles Rams a 2018 kan kusan miliyan 60, gwiwar da aka yi wa aiki tun a jami'a ta fara damunsa kafin ƙarshen wannan kaka, aka sallame shi a Maris 2020 yana ɗan shekara 25. Ya ƙara kaka ɗaya a Atlanta, shi ke nan. Duk ƙungiyar da ta ga haka sai ta ƙara ɗaure bakin jakarta.

Mai sayen babur na hannu don kabu-kabu ba ya tsayawa kan shekarar da aka ƙera shi, kilomitan da ya ci da irin hanyar da ya bi yake tambaya. Haka ƙungiyoyi ke duban mai gudu: ɗauka nawa, tun daga lise. Masu ƙididdiga sun daɗe suna nuna abin da ke biyo bayan kakar da mutum ya kai ɗauka 370. Jamal Anderson ya yi 410 a 1998, a wasa na biyu na 1999 jijiyar gwiwa ta tsinke. Shaun Alexander ya yi 370 a 2005, ya zama gwarzon gasar, bai sake kai yadi dubu ba. Larry Johnson ya yi 416 a 2006, adadin da har yau ba a wuce ba, a shekara mai bi wasa 8 ya buga. DeMarco Murray daga yadi 1,845 a 2014 ya faɗo 702. Amma kada a mai da lambar tsafi. Eric Dickerson ya wuce ta sau huɗu yana ci gaba da gudu, kuma gwiwar Terrell Davis ba wurin ɗaukar ƙwallo ta tafi ba, wurin bin wanda ya ƙwace jifa ne. Wanda aka ba ɗauka 400 dama a shekarar da komai ya yi masa daidai aka ba shi, ba mamaki ta gaba ta kasa kai ta. Abin da ba gardama a kai shi ne kowace ɗauka karo ce, karon kuma taruwa yake.

Raunukan sanannu ne. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, tana cin wata 9 zuwa 12. Targaɗen saman idon sawu mako huɗu zuwa shida, kuma ko an dawo ba a iya juyi da kyau sai kaka ta ƙare. Akwai jijiyar bayan cinya mai yawan dawowa in an yi gaggawa, da ciwon babban yatsan ƙafa wanda ake rainawa alhali a kansa ake tashi da gudu, da agara, da guringuntsin gwiwa wanda in ya cinye ba ya tsirowa. Abin da ke fara tafiya ba gudun miƙe ba ne, dasa ƙafar nan ce da juyi. Mutum yana ganin ƙofa sarai, ƙafa ta makara da ƙiftawar ido, yadi 5 ya koma 2. Adrian Peterson ya tsinke jijiyoyin gwiwa ranar 24 ga Disamba 2011, ya dawo a Satumba, ya yi yadi 2,097, yadi 8 kacal ƙasa da tarihin Dickerson na 2,105 a 1984, ya zama gwarzon 2012, kuma tun daga shi mai gudu bai sake cin wannan kyauta ba. Labarin ya ɓata tunanin mutane, suka ɗauka haka ake warkewa. Abin da aka fi gani shi ne na Barkley: rauni a 2020, yadi 593 a 2021, sai a shekara ta biyu ƙafar ta dawo. Hukumar gasar ta hana finciko mutum ta wuyan riga daga baya a 2005, ta hana kamun da ake rungumar mutum a faɗa masa kan ƙafafu a 2024. Sun rage wani abu, ba su sauya yanayin aikin ba.

Akwai waɗanda lissafin bai ci ba, kuma su ake tunawa. Emmitt Smith ya yi kaka 15, ɗauka 4,409, yadi 18,355, da wuya a sake ganin mai kai wannan tunda yanzu mutum biyu ko uku ke raba aikin. Walter Payton wasa ɗaya tak ya rasa cikin shekara 13. Frank Gore, wanda gwiwoyinsa biyu suka tsinke tun a jami'a, ya yi kaka 16 ya tsaya a yadi 16,000 cif. Henry, mai kilo 112, ya yi yadi 1,921 a 2024 yana da shekara 30. Barkley da Giants suka bar shi ya tafi, Eagles suka ɗauke shi kan miliyan 37.75 na shekara uku, ya yi yadi 2,005 a 2024 ya ci kofi, aka ƙara masa har ya zama mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara. Wasu suka ce daraja ta dawo. Ni dai abin da na gani, mutumin nan bai sauya ba, ƙartin da ke gabansa ne suka sauya. Jim Brown kuwa ya aje yana ɗan shekara 30 bayan kaka tara, Barry Sanders ya aje a 1999 saura yadi 1,457 ya kamo Payton. Waɗannan biyun da ƙafarsu suka fita.

Yawancin masu wannan aiki ba su kusa da waɗannan sunaye. Kowace ƙungiya tana shiga atisayen bazara da mutum 90, a ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53, masu gudu uku ko huɗu a ciki. Na uku da na huɗu ba don gudu ake barinsu ba, don rukunin bugun ƙwallo ne, masu rugawa su tare wanda ya karɓa. Davis ma da irin wannan kamu ya ja hankalin kocinsa, a wasan gwaji a Tokyo a 1995. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2025 dala 840,000 ne, wajen sefa miliyan 450 zuwa 500 bisa canjin rana. A kunnen Bamaraɗe dukiya ce. Amma harajin tarayya yana kaiwa kashi 37 a saman kuɗin, yawancin jihohi suna cire nasu, har jihar da aka je baƙunta wasa takan karɓa, wakili yana da har kashi 3, kuma in an sallame ka a mako na huɗu albashin ya tsaya a nan. Fansho da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ritaya sai wanda ya cika kaka uku. Ƙididdigar da aka fi kawowa ta ce matsakaicin zaman mai gudu a gasar bai kai shekara uku ba, shi ne mafi gajarta a duk matsayai. Ga kuma batun kai: a 2017 masu binciken jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan NFL 111 da suka rasu, suka samu cutar da yawan bugun kai ke haddasawa a 110. Iyalan da suka ga alamu ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar, don haka ba adadin kowa da kowa ba ne, amma ba abin wasa ba ne.

Samarinmu masu jiki, ƴan kokowa da masu gudu a filin wasa, sukan tambaya ko akwai hanya daga nan. An taɓa yi. Christian Okoye, haifaffen Inugu a Najeriya, jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a Amurka, bai taɓa wannan ƙwallo ba sai yana da shekara 23. Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987, a 1989 ya fi kowa gudu da yadi 1,480 a ɗauka 370. Kaka shida ya yi, gwiwa ta tsayar da shi bayan 1992. Amma shi ma sai da ya yi kaka uku a jami'a. Tun 2017 NFL tana da shirin ɗauko ƴan ƙasashen waje, ta yi sansanin gwaji a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. A dubi waɗanda shirin ya fi amfana: dogaye ne masu nauyi na layin gaba da na tsaro, irin Jordan Mailata ɗan Ostareliya, mai tsawon mita biyu da ɗoriya, wanda yana cikin masu buɗe wa Barkley hanya a 2024. Irin wannan jiki ba shi da yawa ko a Amurka, shi ya sa ake haƙurin koya masa daga tushe. Mai kilo 95 da ke gudun 4.5 kuwa jami'o'insu suna yaye su da dama kowace shekara, kowanne ya yi shekara goma yana karanta ƙofofi da ƙirga masu zuwa. Christian Wade, gwanin rugbi na Ingila, ya shigo ta wannan shiri a 2019. Ranar da ya fara taɓa ƙwallo a wasan gwaji ya ruga yadi 65 ya ci wa Buffalo Bills maki. Ya zauna da su har farkon 2022 bai buga wasan gasa ko ɗaya ba.